Masu linzami da marasa linzami: littafin aikin dawakin Kartaj

11 ga Janairu

Yau kaya suka iso. Kwali ɗaya ne na ƙananan mutum-mutumin roba, mahayan Girkawa masu sulke, na kamfanin Victrix, mutum 12 da dawakinsu, girman milimita 28. Kwalin sojojin ƙasa na Kartaj kuwa tun bara na haɗa shi, kawuna da garkuwoyi da yawa suka yi saura a jikin firam, wato sandunan robar da ɓangarorin suke zuwa manne da su, na adana su a gwangwanin biskit. Sai wata leda da na saya a hannun wani a kasuwar 'yan wasa ta watan Nuwamba: dawakin roba takwas da mahayansu marasa sulke, amma na wani zamani ne can baya-bayan nan, da sirdi mai tudu da likkafa da wando.

Ga abin da nake so in fitar daga cikin wannan tarkace. Mahaya 12 masu sulke da garkuwa da linzami, su zama dawakin garuruwan gaɓar teku na ƙasar Kartaj, tsohuwar daular da birninta yake a Tunisiya ta yau. Sai mahaya takwas na Numidiya, maƙwabciyar Kartaj a Arewacin Afirka, babu sirdi babu linzami. Ranar 27 ga Fabrairu kulob ɗinmu zai buga yaƙin kogin Tisino na arewacin Italiya a kan tebur, kuma ni na ɗauki alkawarin kawo wani ɓangare na dawakin Hanibal, jagoran rundunar Kartaj da ya yaƙi Romawa.

Wanda bai san wasan ba: tebur ne ake shimfiɗa wa koren zane, a jera tuddai da kogi da itatuwa na roba, kowa ya kawo rundunarsa da ya yi wa fenti da hannunsa. Da tef ake auna tafiya, 'ya'yan lido kuma su ke yanke hukuncin arangama.

Na zaɓi Tisino ne domin yaƙin dawaki ne kusan zalla. A ƙarshen shekara ta 218 kafin Miladiyya aka yi shi, jim kaɗan bayan Hanibal ya sauko daga duwatsun Alfus da dawaki 6,000. Polibiyus, marubucin tarihi Bagirke, ya ce Hanibal ya jera masu linzami da masu nauyi a tsakiya, ya sa Numidawa a gefe biyu domin su zagaye Romawa. Ka ga ke nan tun wancan lokaci da linzami ake raba su. A kan wannan rabon na ɗora aikin gaba ɗaya.

Kuɗi zuwa yau: kwali fam 26, kuɗin aike fam 4, ledar gwanjo fam 6, koren danƙo na sassaƙa da cike tsaga fam 7, wayar tagulla fam 3. Jimilla fam 46.

14 ga Janairu

Na wanke firam da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Na yanke dawaki 12, na manne ɓarin dama da na hagu, na kankare sawun mazubi da bayan aska. Sa'a biyu da rabi.

16 ga Janairu

Daren kulob. Na tafi da hotunan da na tara, muka zauna da wani dattijo da ya fi shekara talatin yana wannan wasa, muka yi ta jujjuya zancen yadda ya kamata mahayin Kartaj ya kasance.

Matsalar a fili take. Romawa sun rushe Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya, labarin da ya iso gare mu kuma Girkawa da Romawa ne suka rubuta shi. Hoton mahayi daga hannun mutanen Kartaj kansu kaɗan ne ƙwarai. Akwai wani faifan yumɓu da aka tono a wata tsohuwar maƙabartar birnin, yana nuna mutum a kan doki da kwalkwali da mashi da garkuwa zagayayya, kare yana gudu a ƙarƙashin dokin. Amma ya girmi Hanibal da ƙarnuka. Abin da ya tabbata shi ne a ƙarni na 3 kafin Miladiyya kayan yaƙin Girkawa sun game tekun Bahar Rum, kuma Kartaj ta daɗe tana gwabzawa da Girkawa a tsibirin Sisili, ta ma taɓa ɗaukar wani Basparte haya ya gyara mata runduna a shekara ta 255. Saboda haka gangar jikin Bagirke da sulken lilin ba ta saɓa wa hankali ba. Kai da garkuwa ne za su nuna asalin mutumin.

Dattijon ya tuna mini wani abu da ya kamata in rubuta a nan don kada in yaudari kaina. A lissafin da Polibiyus ya kwafo daga allon tagullar da Hanibal ya bari a kudancin Italiya, dawakin Libiyawa da na ruwa-biyun Libiya da Finikiya guda 450 ne, kuma a Sifen aka bar su a hannun ƙanensa Hasdurubal, tare da Numidawa 1,800 da giwaye 21. Masu linzamin da suka yi Tisino mafi yawansu 'yan Sifen ne. Mun daidaita cewa nawa 12 za su tsaya a matsayin 'yan rakiyar Hanibal kansa, 'yan Sifen kuma wani abokin wasa zai kawo.

Mun yanke shawara ɗaya kuma: babu sulken zobe. Sai bayan yaƙin tafkin Tarasimeno na shekara ta 217 Hanibal ya tufatar da sojojinsa na Afirka da kayan Romawan da aka kwashe ganima. A Tisino ba a kai can ba tukuna.

19 ga Janairu

Ranar kawuna. Na zaɓi kawuna 12 daga gwangwanin biskit, na fi ɗaukar masu gemu da masu kwalkwali mai tsini. Wuyan kan sojan ƙasa ya ɗan fi ramin kafaɗar mahayi tsawo, in ka ɗora shi haka nan sai mutum ya fito kamar zalɓe. Na rage wa kowane wuya wajen milimita ɗaya da magagari, ina gwadawa ina cirewa, kafin in sa gam. Gam ɗin roba narkar da wurin yake yi ya haɗe shi gaba ɗaya, don haka in ka manna a karkace ka gama.

Garkuwa ta fi cin lokaci. Ta sojan ƙasa babba ce, in ka rataya wa mahayi sai ta rufe shi tun daga haɓa har gwiwa, ta kuma daki wuyan doki. Na ɗauki ƙananan zagayayyu daga ragowar wani kwali, na yanke hannun hagu a gwiwar hannu, na ɗan buɗe shi waje don garkuwar ta sami wurin zama, yatsun kuma su ci gaba da riƙe kamazuru. Shida na gama. Ba zan manna garkuwoyin ba sai bayan fenti.

22 ga Janairu

Sauran hannaye shida. Na cike tsagar kafaɗu da koren danƙo. Na yi wa shugabansu alkyabba da danƙon da na murza ya yi sirara kamar ganye, na bar shi ya sha iska minti arba'in kafin in ɗora, ya fi riƙe lanƙwasa.

25 ga Janairu

Na juya kan dawakin Numidiya. A nan aikin ragi ne: a cire sirdi, a cire majanyi, a cire linzami da kamazuru da igiyar ƙirji, har doki ya koma tsirara.

Ban yi la'akari da cewa dokin roba holoƙo ne a ciki ba. Na kafa aska a gindin kwacciyar sirdin na farko, na matsa da ƙarfi, sai ga rami a gadon bayansa wanda ƙaramin yatsana zai shiga. Na biyu ma haka, ko da yake na bi shi a hankali, domin kaurin robar a wurin duka sirdin ne. Da na gane ramin ba makawa, sai na daina gudunsa. Na yanke sirdin takwas ɗin gaba ɗaya, na cusa takardar alminiyam a cikin cikinsu don danƙo ya sami madogara, na gina sabon gadon baya.

Koren danƙo shi kaɗai bai dace da wannan ba, yana da taushi irin na cingam ko ya bushe, samfefa ba ta cinsa da kyau. Na sayo Milliput, wani danƙon da ke bushewa da tauri, na gauraya su rabi da rabi. Wannan haɗin yana karɓar sassaƙa yana ɗanye, yana karɓar guga in ya ƙafe. Na bi layin ƙashin baya daga kafaɗa zuwa kuturi da jiƙaƙƙen yatsa.

Fuska ta fi wuya. Igiyar linzami ta ratsa kumatu da hanci da bayan kunne, kuma a nan ne duk kyan doki yake. Da tsinin sabuwar aska nake kankarewa kaɗan-kaɗan, ina duba shi a hasken fitila ta gefe. Biyu sun rasa jijiyar kumatu, na mayar musu da siririn danƙo.

Milliput fam 4, gindin ɗorawa guda 20 masu faɗin milimita 25 da tsawon 50 fam 4. Jimilla fam 54.

28 ga Janairu

Na kankare likkafa daga ƙafafun mahaya takwas, na goge ninkin wando don ƙafa ta zama kamar tsirara, na manna su a kan dawaki da sufa gulu tunda gam ɗin roba ba ya kama danƙo. Na ɗauki hoto na tura wa Kawu a gida. Shi ne ya fara ɗora ni a kan doki ina ɗan shekara bakwai, kuma duk abin da ya shafi doki a gare shi nake kai wa.

29 ga Janairu

Kawu bai amsa da rubutu ba, kira ya yi bayan la'asar ɗinsu.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗan nan, waɗannan mutane naka ai a kan likkafa suke tsaye."

Na ce, "Kawu, ai na kankare likkafar duka. Duba da kyau."

Ya ce, "Ƙarfen ka cire, ƙafar tana nan tana nemansa. Dubi dunduniya a ƙasa, yatsu a sama, gwiwa a miƙe, ƙafa ta yi gaba. Wanda ya zauna haka a kan doki tsirara, taku uku ba zai yi ba sai ƙasa. Ka manta yadda kuke kai su rafi?"

Ban manta ba. Da ya faɗa sai jikina ya tuna kafin kaina. In babu sirdi, gaba kake matsowa, dab da kafaɗa, inda bayan doki ya fi ƙanƙanta kuma ya fi rashin jijjiga. Cinya ce ke riƙo. Daga gwiwa zuwa ƙasa sakin ƙafa kake yi ta rataya, yatsu su kalli ƙasa. Nawa kuwa na ajiye su can tsakiyar baya inda sirdi yake a da, ƙafafu a sandare, har da ɗan fili tsakanin cinya da haƙarƙari inda fatar sirdi ta bari.

Da dare na koma ga abin da marubucin Girka Zenofon ya rubuta a kan hawan doki tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Ya hana mahayi zama irin na kujera, ya ce ya kasance kamar mai tsayuwa da ƙafafu a ware, ya bar ƙwauri da tafin ƙafa a sake. Maganarsa da ta Kawu ɗaya ce, ga shi kuwa Kawu bai taɓa jin sunansa ba. Likkafa ba ta shigo Turai ba sai wajen ƙarni na 6 zuwa na 7 bayan Miladiyya. Duk dawakin da suka yi yaƙe-yaƙen Hanibal na Tisino da Kanne da Zama, na kowane ɓangare, da cinya suka riƙe kansu.

Na ɗauko masu linzamin 12 na duba su da wannan ido. Su lafiya lau suke, wanda ya sassaƙa su ya san abin da yake yi, ƙafa a rataye take, cinya ta rungumi doki. Laifin a takwas ɗina yake.

Na yi tunanin in bar su haka. Daga nisan da ake kallon tebur, mutum nawa ne zai lura da dunduniya? Amma Numidawa ba su da abin da za a nuna a jikinsu in ban da zama. Ba sulke, ba kwalkwali, ba ado. Mutum ne da riga da 'yan masu da doki. Abin da ya sa Romawa suka ji tsoronsu, har daga baya suka nemi Masinisa, wani basaraken Numidawa, ya dawo ɓangarensu kafin yaƙin Zama na shekara ta 202, shi ne yadda suke manne da dabbar. In zaman ya ɓaci, babu abin da ya rage. Zan sake.

1 ga Fabrairu

Na kwana da su a firiza. Sanyi yana sa sufa gulu ya yi gautsi, da safe na murɗa a hankali, shida suka ɓalle salin-alin. Biyu sun taho da ɓallin gadon bayan da na gina, sai an sake cikewa.

Ga yadda na yi wa kowane mahayi. Na yanke ƙafa biyu a gwiwa, na zubar da na ƙasan. A gwangwanin biskit akwai 'yan jifa na ƙasa da ban taɓa haɗawa ba, ƙafafunsu tsirara ne har yatsu. Na yanke nasu a gwiwa su ma. Na huda cinya da ƙwauri da ɗan mahuji na hannu mai kaurin milimita 0.8, na zura wayar tagulla ta zama ƙashi, na lanƙwasa har ƙwaurin ya ɗan koma baya, yatsu suka sunkuya. Sannan na gina ƙoƙon gwiwa da danƙo.

Don cinya ta matse doki, na gwada tsoma ƙugun a ruwan zafi in matsa da yatsu. Na farko ya yi. Na biyu na bar shi ya daɗe, rigar ta lotsa, ƙugun ya karkace, bai gyaru ba. Daga nan na bar ruwan zafi, na koma tsaga hantsa da aska in matse in cike tsagar. Ya fi jinkiri amma hannunka ne ke iko.

Saura bakwai ke nan. Na takwas zan haɗa shi daga gangar jikin ɗan jifa da cinyoyin danƙo zalla a kan waya, in ga ko zan iya.

Uku kawai na gama yau, daga hantsi har isha'i.

3 ga Fabrairu

Huɗu sun samu. Dabarar da ta taimaka: na shafa ɗan man shafawa a bayan doki, na sa danƙo a ƙarƙashin mahayi, na danna shi dab da kafaɗa, na ɗaga. Sai mazauninsa ya ɗauki siffar bayan wannan dokin daidai. Na rubuta lamba a ƙarƙashin kowane doki da mahayinsa don kada su cakuɗe.

Na sake tura hoto. Kawu ya aiko da saƙon murya, ya ce yanzu sun hau, sai dai na biyar ya ɗan jingina baya. Na gyara shi.

6 ga Fabrairu

Ban je kulob ba. Na takwas ya tsaya, cinyarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama kauri, garkuwa za ta rufe.

Gashi da igiya. Sitrabo, Bagirke masanin labarin ƙasa, ya ce mutanen yankin Numidiya da kewaye suna kitsa gashinsu, suna hawan ƙananan dawaki masu sauri da biyayya waɗanda ake juyawa da 'yar sanda, da igiya a wuya, suna riƙe ƙaramar garkuwar fata. Sassaƙaƙƙen dutsen Abizar da aka samu a Aljeriya ma yana nuna mahayi mai gemu da ƙaramar garkuwa zagayayya da 'yan masu a hannu. Na murza danƙo sirara-sirara na jera a kawunan, layi bisa layi. Igiyar wuya kuwa silin wayar lantarki biyu na tufka na zagaya. Masun na yi su da wayar tagulla, na daddale bakin da guduma na goge shi ya yi tsini. Biyu na ba su 'yar sanda a hannun hagu.

8 ga Fabrairu

Na yi ɓarna da gaggawa. Kwana goma sha tara suka rage, na ga rana ta ɗan leƙo, na fita bayan gida da gwangwanin feshi don in yi musu fentin farko. Sanyi ya yi yawa, iska cike da danshi, gwangwanin kuma a rumfar ajiya ya kwana. Na san ƙa'idar, na taka ta. Fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, ya zauna a jikinsu kamar an barbaɗa gari. Dawakin masu linzami shida na fesa kafin in kai ɗaya kusa da ido in gani. Geza ta toshe, idanu sun cike, fatar da ya kamata ta yi santsi ta zama samfefa.

Allah ya taimake ni ban fara da Numidawa ba. Da su ne, da gashin da na kwana biyu ina jerawa ya tafi.

Na jiƙa shidan a barasar goge-goge mai ƙarfi, irin wadda ake tsabtace kayan lantarki da ita. Ita ba ta cin wannan roba. Ruwan goge farce kuwa kada wanda ya kusanto da shi, narkar da doki zai yi. Bayan sa'a uku na bi su da tsohon burushin haƙori. Mafi yawa ya fita, amma cikin geza da wutsiya sai da tsinken allura.

Gwangwanin feshi fam 9, barasar fam 6, kwalbar fentin farko na shafawa da burushi fam 5. Jimilla fam 74.

10 ga Fabrairu

Fentin farko da burushi, a ɗaki, duka 20, toka-toka mai haske, shafi biyu sirara. A nan ne duk wata tsaga da ta ɓuya take bayyana. Gwiwoyi uku na sake gogewa.

13 ga Fabrairu

Launin dawaki. Wannan ne ɓangaren da na fi jira. Abokan kulob da lambar kwalba suke kiran launi, ni kuwa da sunayen barga nake tsara nawa. Masu linzami: bikili biyar, akawal biyu, hurde biyu, bidi biyu, sai kili ɗaya na shugaba. Numidawa na ba su gunya uku, bidi biyu, sauran ja mai duhu, don su yi kama da dabbobin da rana da ƙura suka dafa. Danda ban sa ko ɗaya ba, yana jan ido fiye da kima a cikin 'yan kaɗan.

Hurde ya fi ba ni aiki. In ka ɗiga fararen tabo da bakin burushi sai ya zama kamar zabo. Na yagi ɗan soso na dangwala fenti mai haske a kuturi da kafaɗa, sannan na bi da ruwan fenti mai duhu sirara ya haɗe su. Gwiwa da hanci da gindin geza na bar su da duhu. Bikili kuwa geza da wutsiya da ƙasan ƙafa baƙi ne, in ka manta wannan ya zama wani doki dabam. Kofato babu takalmin ƙarfe, launin ƙaho kawai.

Kwalba biyu na fentin Vallejo fam 6. Jimilla fam 80.

17 ga Fabrairu

Fata da riguna. Numidawa riga mara rini, launin ulu. Masu linzami sulken lilin fari da jan baki, kwalkwali tagulla.

20 ga Fabrairu

Garkuwoyi. Na ƙi sayen sitika, na ce da hannu zan zana. Alamar Tanit, gunkiyar mutanen Kartaj, ba ta da wuya: dala mai kusurwa uku, sanda a gicciye a kanta, da'ira a sama. Ita ce ke cike da duwatsun tunawa na Kartaj. Na yi ta a garkuwa biyar. Uku na yi musu jinjirin wata da faifai. Biyu bishiyar dabino, wadda ke fitowa a kuɗin Kartaj tare da doki. Na gwada zana dokin kansa a garkuwar shugaba sau uku, bai fito ba a faɗin da bai kai farce ba, na shafe na sa masa dabino shi ma. Ta ƙarshe na bar ta ja zalla.

Alkyabbar shugaba shunayya ce mai ja-ja, launin da Finikawa suka yi suna da shi, wanda suke fitarwa daga dodon koɗin teku. Shi kaɗai na ba wa, domin rini ne mai tsada.

Garkuwar Numidawa fata ce, na bar wa biyu gashin saniya fari da ja.

24 ga Fabrairu

Gindi: gam ɗin katako, yashi, fentin ƙasa mai duhu, busasshiyar ciyawa jefi-jefi, tunda filin yaƙin kwarin kogin Fo ne na arewacin Italiya a bakin hunturu. Fentin kariya mara ƙyalli da burushi. Ciyawa fam 5. Jimillar aikin fam 85.

28 ga Fabrairu

Jiya aka buga. Mu uku a ɓangaren Hanibal, uku a na Sifiyo, jagoran rundunar Romawa. Mun jera kamar yadda aka ruwaito: 'yan Sifen da masu linzamina a tsakiya, Numidawa a gefe biyu, nawa takwas a dama. Romawa suka sa 'yan jifansu da dawakin Gol, ƙabilun arewacin Italiya na wancan zamani, a gaba.

A yaƙin gaske 'yan jifan Roma ko jifa ba su samu sun yi sosai ba suka koma baya, aka daɗe ana gwabzawa a tsakiya har da yawa suka sauka suna faɗa a ƙasa, sannan Numidawa suka ɓullo ta baya. Aka ji wa Sifiyo rauni, ana kuma cewa ɗansa matashi ne ya fitar da shi, wanda bayan shekara 16 ya ci Hanibal a Zama.

Namu bai bi haka sak ba. Numidawan hagu sun matsa kusa da wuri, dawakin Gol suka tarar da su suka kore su daga tebur a zagaye na uku. Ni na yi ta ja da baya ina jifa, ban yarda an taɓa ni ba, har sai da tsakiya ta kulle. Masu linzamina sun yi asarar biyar amma ba su watse ba. A zagaye na shida na sami hanya ta bayan 'yan jifa na faɗa wa 'yan rakiyar Sifiyo. Lokacin rufe zauren ya cim mana kafin a ƙare, aka ƙirga, muka ɗara su da kaɗan.

Dattijon nan ya ɗaga ɗaya daga cikin Numidawan ya juya shi a tafin hannu, ya tambaye ni na wane kamfani ne, don bai san wannan zama ba. Na ba shi labarin gwiwoyi da firiza da kiran Kawu.

Ɓarnar hanya: mashi biyu sun lanƙwashe a cikin akwati, garkuwa ɗaya ta ɓalle, na takwas ɗin nan mai cinyar danƙo ya tsage a gwiwar dama. Zan sa masa waya mai kauri. Akwatin kuma yana bukatar faifan ƙarfe a ƙasa da maganaɗisu a gindin kowane doki kafin in sake fita da su.

A watan Afrilu za a buga Kanne, inda Hanibal ya zo da dawaki 10,000. Za a bukaci 'yan Sifen da 'yan Gol na gefen kogi masu yawa, na ɗauki 12 na Sifen. Numidawa takwas kuma sun yi kaɗan ga wancan fili, sai na ƙara takwas. Ƙafafun 'yan jifa da suka rage a gwangwanin biskit na mutum biyar ne, don haka ranar Asabar zan leƙa kasuwar gwanjo in nemo na uku.